Kwana 61 a bakin aiki, sa'a 38 a littafi

Wannan shaida ce a kan wani dattijo da na zauna a kujerar damarsa bazara uku ina mataimakin matuƙin jirgin sama mai sauka a ruwa, a gaɓar yammacin Kanada. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama na wanda ya riƙe masa haƙƙi ba. Kyaftin muke ce masa, kuma a haka zan bar shi. Na rubuta ne saboda na ga abin da idona daga farkonsa har ƙarshensa, kuma mutane da yawa da suka ji labarin a bakin wasu sun ɗauka rigimar kuɗi ce kawai tsakanin tsoho da attajiri.

Ya fara aiki yana saurayi a bakin ruwa, yana ɗaure igiya da loda kaya a ƙananan jiragen Beaver masu tsayawa a kan ƙafafu biyu na kwale-kwale. Daga nan ya samu lasisi, ya shiga kujerar mataimaki a jirgin Canso mai kashe wutar daji, ya zama kyaftin, ya shafe mafi yawan ƙuruciyarsa yana kwasar ruwa daga tafki yana zuba wa wuta. Canso shi ne sunan da mutanen Kanada suka sa wa jirgin da duniya ta sani da Catalina. Kamfanin Consolidated na Amurka ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1935, aka yi sama da guda 3,000, wasunsu a Vancouver da kusa da Montreal. Ba jirgin ƙasa-da-sama ne da aka ɗaura wa ƙafafun ruwa ba. Cikinsa kansa kwale-kwale ne, fiffikensa na can sama a kan wani ginshiƙi, faɗinsa ya kusa mita 32. Injinansa biyu ne ƙirar Pratt & Whitney R-1830, kowanne da silinda 14 a jere biyu masu zagaye, kowanne da ƙarfin doki 1,200. A sama yana tafiyar wajen kilomita 200 a sa'a, yana shan mai tsakanin lita 300 zuwa 400 a wannan sa'ar. Ba shi da sauri, amma yana da juriya. Da irinsa ne kamfanin Qantas ya riƙa tashi daga Perth ta Ostareliya zuwa Silon (Sri Lanka ta yau) tsakanin 1943 da 1945 ba tare da sauka ba, tafiyar kusan sa'a 30, fasinja su ga fitowar rana sau biyu. A wancan zamanin irin waɗannan jirage ne manyan motocin sama, har a Kogin Nilu wajen Khartum manyan 'yan'uwansa na Ingila suna yada zango a hanyarsu ta zuwa Durban ta Afirka ta Kudu.

Da sababbin jiragen kashe wuta irin su CL-215 suka karɓe aikin, tsofaffin Canso suka watse. Wasu suka tafi gidajen tarihi, wasu suka ruɓe a gefen filin jirgi, 'yan kaɗan suka faɗa hannun masu kuɗi da ke son a gan su da abin tarihi. Ɗaya daga cikin waɗannan ne ya nemo Kyaftin bayan ya yi ritaya, ya haura shekara 60. Dalilin nemansa a fili yake. Kamfanin inshora ba ya yarda a sauke irin wannan jirgi a ruwa sai da matuƙin da aka rubuta sunansa a takardar, wanda ke da sa'o'i masu yawa a kan wannan ƙirar, a kan ruwa. Masu irin wannan tarihin yanzu ana iya ƙirga su da yatsu. Sunan Kyaftin ne ya sa jirgin ya samu inshora, tun kafin ya taɓa sitiyari.

Yarjejeniyar da baki aka yi ta, a kan teburin cin abinci. Mai jirgi ya ce zai biya shi kaza a kowace sa'ar tashi, ya kuma ɗauki nauyin masauki da abinci. Suka yi musafaha. Babu wanda ya tambayi wace sa'a ake nufi, kuma a nan ne ɓarakar take.

A dokar jiragen sama ta Kanada lokaci iri biyu ne. Akwai lokacin sama, wanda ke farawa daga sa'ad da jirgi ya rabu da ƙasa ko ruwa zuwa sa'ad da ya sake taɓawa. Shi ake rubutawa a littafin tafiyar jirgi, da shi ake ƙirga shekarun inji da lokacin gyara. Akwai kuma lokacin tashi, wanda ke farawa daga sa'ad da jirgi ya motsa da ƙarfin kansa da niyyar tashi har ya tsaya cak. Shi matuƙi ke rubutawa a nasa littafin. A jirgin tudu bambancin minti goma ne ko sha biyar. A jirgin ruwa yana iya kaiwa minti 40 a kowace fita. Kuma duka biyun ba su ƙirga aikin da ake yi inji yana kashe ba, wanda shi ne mafi yawa.

Ga yadda safiyar fita take. Tun kafin gari ya waye ake shiga cikin jirgin da tocila, a ɗaga katakon ƙasa ɗaki bayan ɗaki, a duba ruwan da ya tsiyayo cikin dare. Babu tsohon jirgin ruwan da ba ya yoyo. Abin da ake nema shi ne ko yoyon yau ya fi na jiya, kuma a wane ɗaki, domin cikin an raba shi da bangaye masu hana ruwa wucewa. Kyaftin yana auna ruwan da bokiti mai alama yana rubutawa. Idan ɗakin da ya saba ba da lita biyu ya ba da takwas, akwai ƙusar da ta saki ko ɗinkin da ya buɗe, kuma ba za a tashi ba sai an gano shi. Idan jirgin ya kwana a tudu ne, ana cire toshiyoyin da ke ƙarƙashin cikinsa don ruwa ya zube. Da safe sai a mayar da su ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa da baki, mutum biyu, domin toshiya ɗaya da aka manta ta isa ta cika ɗaki da ruwa kafin a gama ɗumama inji.

Daga nan sai hawa fiffike. Tankokin mai a cikinsa suke, kuma ba a yarda da agogon mai, da sanda ake aunawa. Ana tatsar mai daga ƙasan kowane tanki a kwalba a duba ko ruwa ya kwanta a gindi. Ana auna baƙin mai, wanda wannan inji ke sha kuma yake zubarwa kamar ba gobe. Sai a zo kan abin da ya fi kashe irin wannan injin a banza. Tunda silindoji a zagaye suke, na ƙasa kansu a kife yake, baƙin mai yana tsiyayowa ya taru a cikinsu idan inji ya kwana. Mai ba ya matsuwa. Idan aka tayar da inji a haka, fistin zai doki man da ya taru, sandar fistin ta lanƙwashe, kuma ba lallai ta karye nan take ba, tana iya jira sai ana sama. Don haka ake juya farfela a hankali, wuta a kashe, ana ƙirga ganyenta har inji ya yi cikakken zagaye fiye da ɗaya. Idan ta cije, ba a tilasta ta, ba a kuma mayar da ita baya, domin hakan tura man yake yi cikin bututun shaƙa ya dawo daga baya. Ana kwance fulogin silindojin ƙasa ne a bar man ya zube. Wannan kaɗai yana cin sa'a guda.

A kan ruwa babu birki. Da injin farko ya kama, jirgi ya fara tafiya ke nan, yana kuma juyawa zuwa ɓangaren injin da bai kama ba. Sai mai igiya a hanci ya san daidai lokacin da zai saki. Jirgin ba shi da abin juyawa a cikin ruwa irin na kwale-kwale, da bambancin ƙarfin injina biyu ake juya shi, kuma iska kullum tana neman mayar da hancinsa wajen da take fitowa. Idan ana son rage gudu, a jefa buhunan zane masu buɗaɗɗen baki daga gefe su ja ruwa, ko a sauke tayoyi cikin ruwa su yi aikin birki. Ana zagayawa a haka har baƙin mai ya kai zafin digiri 40, ana kuma lura kada kan silinda ya wuce kima, tunda iskar da ke sanyaya shi kaɗan ce a wannan gudun.

Tashin kansa gajere ne amma babu wasa a cikinsa. Totur a rufin ɗakin tuƙi yake, sama da kai. Kyaftin ya ja sitiyari har ƙirji, a tura totur har agogon matsin iskar inji ya kai inci 48 da juyi 2,700 a minti. Na 'yan daƙiƙu ruwa yana rufe gilashi ba a ganin komai, hanci ya ɗaga, jirgi yana turo ruwa a gabansa kamar garma. A ƙarƙashin cikin akwai wani karyewa kamar dakali, wanda aka yi don ruwa ya saki jirgin. Da zarar ya hau wannan dakalin, sai a sassauta sitiyari, hanci ya sauko, jirgi ya fara zamewa a saman ruwa. Akwai kusurwa guda da yake so, kuma ƙunci gare ta. Idan hanci ya yi ƙasa da ita, ruwa zai tsotse shi. Idan ya yi sama, wutsiya ta ja. Ko wanne ne, jirgin zai fara tutsu kamar doki, hanci sama hanci ƙasa, kowane tsalle ya fi na bayansa. Wanda ya yi ƙoƙarin bin tutsun da sitiyari kullum a makare yake, ƙara shi yake yi. Ana riƙe sitiyari ne wuri ɗaya da ɗan ja, idan bai lafa ba a tsalle na biyu a rufe totur a sake lale. Babu taimakon haidirolik a sitiyarin nan, ƙarfin damtse ne, kuma fiffiken ba shi da faifan rage gudu irin na sauran jirage.

Sauka ta fi tashi cin rai. Kafin a sauka ana ratsa wurin ƙasa-ƙasa a duba, domin a ruwayen yammacin Kanada gungumen katako da ya sha ruwa yana tsayawa a tsaye, kansa kaɗai ke leƙowa, kuma zai farke cikin jirgi kamar gwangwani. Ana duba sawun jiragen ruwa, ana karanta iska a fuskar ruwa. Sannan matuƙa biyu su faɗa da baki, kowa ya leƙa ta tagarsa ya tabbatar: sauka a ruwa ce, tayoyi a sama, ƙafafun bakin fiffike masu hana shi nutsewa a ruwa a ƙasa. Jirgin da ya taɓa ruwa da tayoyi a sauke kifewa yake yi nan take. Ranar da ruwa ya kwanta luf kamar madubi ita ce mafi haɗari, ko da yake ita fasinja suka fi so. Ido ba ya iya auna nisan ruwan da ba shi da ko ɗigon motsi. Sai a daidaita hanci tun daga tsayin itatuwan gaɓa, a sa ɗan ƙarfin inji, a riƙe saukowa a kan ƙafa 150 a minti, a zuba wa agogo ido, a jira ruwa ya zo da kansa. Duk wanda ya ce zai ƙiyasta da ido, ko dai ya soke hanci a ruwa ko ya faɗo daga sama.

Bayan an dawo kuma, idan ruwan gishiri aka taɓa, sai wanki da ruwan daɗi tun daga farfela har ramin tayoyi, a shafa man hana tsatsa a kowace gaɓa. Gishiri yana cin gorar-ruwa, wato alminiyam ɗin jikin jirgi, a ɓoye, ƙarƙashin fenti. Haka fitar minti 45 a sama take cin yini guda cur na mutum uku.

A bazara ta uku aka gayyaci jirgin wani bikin bakin ruwa, aka yi alkawarin biyan kuɗin halarta mai tsoka, mai jirgi kuma ya tara baƙinsa a gaɓa. Ana saura kwana biyu, Kyaftin ya kwanta ƙarƙashin hanci ya kama ƙofofin tayar gaba ya girgiza, ya ji ɗaya tana wasa fiye da yadda ya saba ji. Waɗannan ƙofofin biyu, idan sun rufe, su ne ƙasan kwale-kwalen a daidai wurin da ruwa ya fi dukan jirgi. Wani bututun ƙarfe ne ke riƙe da su, kuma yana ruɓewa daga ciki inda ido ba ya gani. A watan Yulin 1998 wani Catalina ya nutse a ruwan Southampton na Ingila bayan ƙofar nan ta ɓalle yana kan ruwa, mutum biyu suka rasu, kuma bincike ya gano tsatsa a wannan bututun. Duk matuƙin irin wannan jirgi ya san labarin. Kyaftin ya ce zai kai jirgin ya ratsa saman bikin, ya sauka a filin tudu mafi kusa, amma ba zai taɓa ruwa ba sai an kwance bututun an duba.

Ina wurin da mai jirgi ya kira. Ya ce makaniki ya sa hannu a watan jiya. Kyaftin ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin naka ne, amma hannun da zai sauke shi nawa ne. A tudu zan sauka." Bai ƙara ba. Masu biki suka rage kuɗin halarta tunda ba a sauka a ruwa ba. Da aka kwance bututun daga baya, makaniki ya nuna mana cikinsa, ya cinye har yatsa na iya jin ramin. Aka canza shi. Mai jirgi bai taɓa tayar da maganar ba, amma daga ranar kuɗi ya daina shigowa.

Da kaka ta shigo Kyaftin ya aika lissafinsa. Ya yi kwana 61 a bakin aikin jirgin a wannan bazarar, ciki har da kwanakin da hazo ya tsare mu a garin mutane, da na jiran kayan gyara, da na horar da mataimaka. Littafinsa ya nuna sa'a 52 na tashi. Ya biya otal da motar haya daga aljihunsa, kuma sau biyu ya sha wa jirgin mai da katinsa saboda katin kamfanin ya ƙi aiki. Amsar da ta dawo ta ce littafin jirgi sa'a 38 ya nuna, a kansu aka yi magana, kuma za a cire asarar bikin daga ciki. Aka ƙara da cewa akwai matasa da yawa da za su tuƙa wannan jirgi kyauta don su samu sa'o'i.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi yi masa ciwo, kuma akwai gaskiya a cikinta. Matashin da ke neman aiki a babban kamfani yana ganin kowace sa'a a littafinsa kamar kuɗi ce, har hukumar jiragen sama ta Amurka takan ɗauki tara sa'o'i a matsayin wani nau'in lada. Amma matashin ba zai ji wasan ƙofar nan da hannunsa ba, kuma ko ya ji, wanda ake yi wa alfarmar kujera ba ya iya cewa a'a. Ba ina sukar aikin sa-kai ba ne. Manoman Fairview a lardin Alberta sun ɗauko wani Canso daga bakin tafki kusa da Inuvik a can arewacin Kanada a 2008, suka gyara shi da hannunsu har ya tashi a 2017, babu mai neman lada. Gidan tarihin jiragen yaƙi na Hamilton a lardin Ontario yana tashi da nasa don tunawa da David Hornell, matuƙin sojan saman Kanada da ya rasu a 1944 bayan ya nutsar da jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa da irin wannan jirgi. A waɗannan wurare mai aikin sa-kai ya san tun farko ba za a biya shi ba. Abin da aka yi wa Kyaftin daban ne: an yi masa alkawarin lada, an karɓi kuɗi da sunansa da aikinsa, sannan da lokacin biya ya zo aka tuna masa cewa ai yana son jirgin.

Kuskurensa, wanda shi da kansa yake faɗa, shi ne jira. Kunya da zumunci suka sa ya yi ta aika saƙon tuni cikin ladabi duk lokacin sanyi. Harkar jiragen sama a Kanada ƙarƙashin dokar ƙwadago ta tarayya take, kuma ma'aikaci yana da wata shida kacal daga ranar da ya kamata a biya shi ya shigar da ƙorafin albashi. Kafin ya nemi shawarar lauya wata shidan sun wuce. Ko da ba su wuce ba, da sai an fara tantance ko shi ma'aikaci ne ko ɗan kwangila, ga shi kuma ba shi da takardar ɗauka. Makaniki da aka hana wa kuɗi doka ta ba shi damar ɗora haƙƙinsa a kan jirgin da ya gyara, matuƙi ba shi da wannan. Sai ƙaramar kotun bashi ta rage, wadda a lardin British Columbia take sauraron abin da bai wuce dala 35,000 ba, cikin shekara biyu. Can ma aka gano cewa jirgin ba a sunan attajirin yake ba, a sunan wani kamfani yake da ba shi da komai sai jirgin, kuma jirgin ma jingina ne a banki.

A zaman sulhu gaban alƙali, abin da ke da takarda shi ya tsaya. Rasit na mai da na otal aka biya har sisin kwabo. Cire asarar biki ya faɗi, domin rahoton makaniki a kan bututun yana nan, kuma doka ta bar wa kyaftin hukuncin ƙarshe a kan lafiyar jirgi. Saƙonnin waya da ke cewa ka zo ranar kaza, ka tsaya har kayan gyara su iso, sun tabbatar da kwana 20 da 'yan kai, aka daidaita a kan wani ɓangare na ladansu. Sauran kwanakin da aka kira shi da baki suka tafi a banza. Na ba da shaida a rubuce a kan kwanakin da muka yi tare, abin da ya taimaka shi ne ƙaramin littafin aljihuna da nake rubuta ranaku da wurare.

Kyaftin yana nan da ransa, ya ajiye tuƙi bayan likita ya ƙi sabunta masa takardar lafiya. Matasan da ke zuwa wajensa neman shawara kafin su karɓi aikin kai jirgi ko na biki, takarda mai shafi ɗaya yake ba su su kwafa. A cikinta akwai sunan kamfanin da zai biya da sunan mutumin da ya tsaya masa, ladan yini ba na sa'a ba, tun daga barin gida har dawowa, rabin lada a ranar jiran yanayi ko gyara, katin mai na mai jirgi, rabin kuɗi kafin a taɓa farfela, biyan sauran cikin kwana 30, da layi guda da ke cewa fasa tashi ko fasa sauka a ruwa saboda lafiyar jirgi ba ya rage lada. Jirgin kuma tun da aka cire sunan Kyaftin daga takardar inshora bai sake taɓa ruwa ba. Yana ajiye a gefen wani filin tudu an lulluɓe injinansa da tamfal, ana neman mai saye.